Tsohuwar Fijo da Injin Kwatano Mai Gudu: A Saya ko a Haƙura?

A ɗauka cewa wani mutum ya gaji mota ƙirar Peugeot 504 daga mahaifinsa, wato motar da Hausawa suka fi sani da Fijo. Jikinta lafiya lau, amma injinta ya gaji: yana shan baƙin mai, yana fitar da shuɗin hayaƙi, kuma da ƙyar yake hawa tudu. Sai bakanike ya kawo masa shawara biyu. Ko dai a sauke injin a yi masa gyara na gaba ɗaya, ko kuwa a nufi kasuwar kayan mota, kamar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas, a nemo injin Kwatano mai silinda shida wanda aka ciro daga Peugeot 505, a ɗora mata. Shawara ta biyu ta fi daɗin ji, domin babu direban da ba ya son mota mai ƙarfi. Sai dai idan aka auna al'amarin da ma'aunin kimiyya, za a ga cewa ta farko ce ta fi dacewa da mafi yawan mutane.

An fara fito da 504 a Faransa a shekarar 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai a 1969. Daga 1975 aka riƙa haɗa ta a masana'antar Peugeot da ke Kaduna, kuma ba a daina ba sai a 2006. Injin fetur da aka fi saninta da shi mai silinda huɗu ne, girmansa cc 1,971, ƙarfinsa kuma wajen doki 95. Shi kuwa injin V6 da aka sa wa 505 daga 1986, wanda kamfanonin Peugeot da Renault da Volvo suka yi tarayya wajen ƙera shi, girmansa cc 2,849 ne, ƙarfinsa doki 170. Ƙari ne na kusan kashi 80 cikin 100.

Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne, mene ne wannan ƙari zai saya wa mai mota? Ɗaliban fiziks sun san cewa mota mai gudu da iska take kokawa. Idan gudu ya ninka sau biyu, turjiyar iska takan ninka sau huɗu, ƙarfin injin da ake buƙata don keta ta kuwa yakan ninka sau takwas. Saboda haka ƙarin ƙarfi na kashi 80 cikin 100 ba zai ƙara wa iyakar gudun motar fiye da kimanin kashi ɗaya cikin biyar ba. Inda za a ji bambanci sosai shi ne wajen tashi da wajen wuce wata mota a hanya. Wannan amfani ne na gaskiya, amma da tsadarsa yake zuwa.

Tsada ta farko a birki take. Makamashin da ke tattare da abu mai motsi ya dogara ne ga nauyinsa da kuma gudunsa idan aka ribanya shi da kansa. Motar da ke da nauyin kilogiram 1,200, tana gudun kilomita 100 a awa, tana ɗauke da makamashi wajen kilojul 460. Idan ta kai kilomita 140 a awa, adadin zai haura kilojul 900, wato kusan ninki biyu. Aikin birki shi ne ya mayar da wannan makamashi zafi cikin 'yan daƙiƙu, kuma kilojul 900 ya isa ya kai kusan lita uku na ruwan randa ga tafasa. Birkin da aka tsara wa injin doki 95, idan aka yi ta ɗora masa irin wannan aiki, zai ɗau zafi har kamunsa ya ragu, man birki ma yana iya tafasa, direba ya taka ya ji wayam. A nan ba kuɗi kaɗai ake sa wa cikin haɗari ba, har da ran direba da iyalinsa da masu tafiya a gefen titi.

Tsada ta biyu ita ce zafin injin kansa. Injin fetur ba ya mayar da fiye da kimanin kashi ɗaya cikin uku na makamashin mai zuwa motsi. Wajen kashi ɗaya cikin uku yana fita ta salansa, ragowar kuma lagireto da iska ne ke kwashe shi. Ke nan injin da ya kusa ninka na asali a ƙarfi, idan aka matsa masa, zai kusa ninka shi a zafin da dole a kwashe. Lagireton 504 ba a ƙera shi don haka ba, balle a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Wancan injin V6 kuwa da alminiyam aka yi shi, kuma kan injin alminiyam yakan karkace idan ya yi zafi fiye da kima, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai.

Bayan waɗannan, akwai kuloci da giyabos da aksil, waɗanda kowannensu yana da iyakar ƙarfin murɗa da zai iya jurewa. Akwai mazaunin injin da sai an sake shi. Sannan tsohuwar Fijo da kafireto take aiki, alhali injin V6 na 505 ƙaramar kwamfuta ce ke auna masa mai, kuma yana buƙatar famfon mai mai matsi da wayoyinsa na musamman. Sau da yawa akan kawo injin kasuwa an datse waɗannan wayoyi, kwamfutar kuma ta tafi wani wuri. Duk wanda ya dubi kuɗin injin kaɗai, bai ga rabin lissafin ba.

Matsala mafi girma, duk da haka, ita ce rashin sanin tarihin injin. Agogon da ke ƙirga kilomita a jikin mota yake, ba ya biyo injin zuwa kasuwa. Duk injin V6 na 505 da za a samu a yau ya haura shekara 30, kuma irin wannan injin yawanci masu son gudu ne suka more shi. Ko da ajiye shi aka yi, robobinsa sun bushe, tsatsa na iya kama cikin silinda. A 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof, na ƙasar Amurka, ya yi bayanin abin da ke faruwa a kasuwar tsofaffin motoci, inda mai sayarwa ya san halin kayansa amma mai saye bai sani ba. Mai saye yakan ƙi biyan kuɗi mai kauri saboda tsoro, masu kaya nagari su janye, marasa kyau su yawaita. Wannan nazari na cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Hausawa sun daɗe da yi wa irin wannan ciniki suna: cinikin biri a sama.

Masu goyon bayan canjin suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa ai kamfanin Peugeot da kansa ya sa injin V6 a cikin 504 mai ƙofa biyu tun 1974, har Jean-Pierre Nicolas ya lashe gasar Safari ta Kenya da ita a 1978. Haka ne. Amma injiniyoyi ne suka yi wannan aiki a masana'anta, suka daidaita sauran sassan motar da injin, suka gwada kafin a sayar. Kuma tun kafin nan, a 1975, Ove Andersson ya ci wannan gasa da 504 mai silinda huɗu. Abin da ya ɗaga sunan motar a Afirka juriya ce da sauƙin gyara, ba gudu ba.

Sauƙin gyaran nan shi ne babban dalilin fifita injin asali. Silindar injin 504 tana da riga ta ƙarfe wadda ake zarewa a sa sabuwa. Idan aka sake rigunan da fistin da zobba da gaskit, aka auna karanshaf aka gyara shi, injin zai dawo kusa da yadda yake yana sabo, kuma mai shi ya san duk abin da ke cikinsa. Makanikan da suka san shi ciki da bai suna nan a garuruwa da yawa. Bugu da ƙari, masu tattara tsofaffin motoci sun fi daraja motar da ke ɗauke da injinta na asali, don haka canjin yana iya rage mata kima maimakon ya ƙara.

Idan kuwa gangar injin asali ta tsage, ba makawa sai an sayi wani, to wanda ya yi daidai da na asali shi ya fi. Wanda ya dage sai mai ƙarfi, akwai sharuɗɗan da bai kamata ya tsallake ba. A tayar da injin a gabansa yana sanyi, a dubi hayaƙi: shuɗi alamar ƙona baƙin mai ce, fari mai kauri wanda ba ya yankewa alamar ruwa ce, baƙi kuwa mai ne ya yi yawa. A auna matsin kowace silinda, kada bambancinsu ya wuce kimanin kashi 10 cikin 100. A auna matsin baƙin mai bayan injin ya yi zafi, a kuma duba ko man ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, a gyara takardun mota, domin lambar injin na cikinsu. Sannan a ware kuɗin birki da lagireto da kuloci da tayoyi tun kafin a biya na injin. Wanda aljihunsa bai kai ga waɗannan ba, bai kai ga injin ba.

Ga malamai da ɗalibai, wannan muhawara darasi ce da ake iya ɗauka daga aji zuwa gareji. A ba ɗalibai nauyin mota da gudu iri biyu su lissafa makamashin da birki zai haɗiye, sannan su ziyarci bakanike su ga yadda ake auna matsin silinda. Da kansu za su gano cewa mota tarin sassa ce da aka auna kowanne da ɗan'uwansa, kuma wanda ya ƙara wa ɗaya ƙarfi ya bar saura, mafi rauninsu ne zai biya bashin. Mai gadon Fijo, idan ya gyara injin da mahaifinsa ya bar masa, zai samu motar da ya san cikinta, wadda kuma birkinta zai iya tsayar da ita.