Cinikin Tsofaffin Batura da Gubar Dalma

Cinikin tsofaffin batura ya zama babbar sana'a a Nijeriya. 'Yan gwangwan ne ke tara su, a yi lodinsu zuwa masana'antu irin na garin Ogijo a Jihar Ogun, inda ake fasa su, a narkar da dalmar da ke ciki, a sayar da ita ƙasashen waje. Fiye da rabin nauyin batirin mota dalma ce.

Sai dai dalma guba ce. Tana shiga jiki ta hanyar shaƙar hayaƙinta da ƙurarta, ko cin abinci da hannun da ya taɓa ta. Takan taru cikin ƙashi shekara da shekaru, ta haddasa ƙarancin jini da hawan jini da ciwon ƙoda. Ma'aikacin da ya koma gida da tufafin aiki kuwa, ya kai wa 'ya'yansa ƙurar ke nan. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a Jihar Zamfara sakamakon niƙa duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje.

Matakan kariya sanannu ne. A sa na'urar zuƙe hayaƙi a kan tukunyar narki, a riƙa wanke daɓe da ruwa maimakon shara, a ba ma'aikata abin rufe hanci mai tace ƙura. Tufafin aiki su kwana a ma'aikata, a yi wanka kafin tashi, a hana cin abinci ko goro a bakin aiki. A kuma riƙa auna jinin ma'aikata, a janye wanda dalma ta yi wa yawa.

Wasu masu masana'antu na kukan tsadar waɗannan matakai, kuma kukan yana da tushe, domin wanda ya kiyaye doka ba zai iya sayen batir da tsada kamar wanda ya yi biris da ita ba. Amma kuɗin da mai biris ya ƙi kashewa, ma'aikaci da iyalinsa ne ke biyansa a asibiti.

Saboda haka ya wajaba Ma'aikatar Ƙwadago ta aiwatar da Dokar Masana'antu a kan kowa ba sani ba sabo, hukumar NESREA ta tsananta bincike, bankuna kuma su nemi shaidar gwajin jinin ma'aikata kafin su ba irin waɗannan masana'antu rance.