Ƙugin Bututu da Toshewar Kwata: Gyara Daga Gida Yake Farawa

Gabatarwa

Hausawa kan ce ruwa ba ya tsami banza. Haka nan bututun da ke ƙarƙashin kwamin wanke-wanke na ɗakin girki ba ya ƙugi banza. A gidajen birane da dama, inda ginin zamani ya shigar da famfo har cikin madafa, akan ji wannan ƙugi duk sa'ad da aka zubar da ruwan wanke-wanke, amma sai a yi biris da shi har ranar da ruwa zai ƙi wucewa ɗungurungum. Ra'ayin da ake son tabbatarwa a nan shi ne, sakacin da ake yi da ɗan bututun nan shi ne dai yake toshe kwatocin unguwa da lambatun gari, kuma nauyin gyara yana fara hawa kan mai gida da iyalinsa ne kafin ya kai ga hukuma.

Dalilin Ƙugin Bututu

Duk wanda ya leƙa ƙarƙashin kwamin zai ga bututun ya lanƙwasa kamar gwiwa kafin ya miƙe zuwa waje, a wasu gidajen kuma akan sa wani mazubi mai siffar kwalba. Hikimar haka ita ce a riƙe ɗan ruwa a wurin a kullum, ruwan ya zama murfi da zai hana wari da kyankyasai dawowa ɗaki daga sokawe. Dabarar ta daɗe, domin tun a shekarar 1775 wani mai gyaran agogo a birnin Landan, Alexander Cumming, ya yi wa irin wannan lanƙwasa rajista da sunansa.

Idan ruwa yana gangarawa cikin bututu, yana bukatar iska ta biyo bayansa ta cike gurbin da ya bari. To, in hanyar ta ƙuntata, ko kuma babu bututun shaƙar iska da ya kamata magini ya sa, sai ruwan ya zuƙo iskar ta cikin ruwan da ke kwance a gwiwa. Wannan zuƙar ita ce ƙugin, tamkar yadda kwalba kan yi idan aka kifa ta da ruwa a ciki. Idan abin ya yi tsanani, ruwan gwiwar kan ƙare, sai wari ya gauraye madafa.

Bututun kwamin wanke-wanke galibi faɗinsa bai wuce inci ɗaya da rabi ba, wato kimanin milimita 40. Man ja da kitsen nama kan shiga shi suna narke, da zarar sun huce sai su daskare a jikinsa. A kansu ne guntun tuwo da ƙanzo da ƙwayar shinkafa da ganyen shayi suke maƙalewa, ga kuma toka da yashin da ake dirje tukunya da su. Da yayyafi kogi kan cika. A haka hanyar take ƙuntata har ta toshe.

Gyaran da Bai Fi Ƙarfin Kowa Ba

Matakin farko shi ne a zuba ruwan zafi da garin sabulu, amma kada ya zama tafasasshe, domin bututun roba na iya lauyewa. In bai wuce ba, a toshe ƙofar ambaliya ta saman kwamin da jiƙaƙƙen tsumma, a tara ɗan ruwa, sannan a kifa robar nan mai kama da ƙoƙo da mariƙin sanda a bakin magudanar, a yi ta dannawa ana saki. In har yanzu da saura, a ajiye bokiti a ƙasa, a kwance gwiwar da hannu, a kwashe dattin, a wanke ta, a mayar tare da zoben robarta don kada ta yi yoyo. Abin da ya wuce gwiwa kuwa, akan zura doguwar waya mai lanƙwasuwa a sakato shi.

Wajibi ne a yi hattara da sodar da ake zubawa don narkar da maiƙo, saboda tana ƙona fata, tana kuma makantarwa. Haɗa ruwan bilic da maganin wanki mai asid yana tayar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi. Idan kuwa aka lura magudanan gida duka suna ƙugi, musamman in an kora ruwan masai, to matsalar tana babban bututu ko sokawe ya cika, sai a nemi mai gyaran famfo.

Daga Madafa Zuwa Lambatu

A gidan gargajiya, ruwan wanke-wanke kan bi ta rariya ya faɗa kwatami, ruwan sama kuma ya gangara kududdufi. A yau an cike kududdufai da yawa an yi gini a kansu, jama'a ta ƙaru, ga kuma leda, wadda ba ta ruɓewa kamar ganye da takardar da ake ƙunshi da su a da. Hannun da ya tura ƙanzo cikin kwami, shi ne yake juye shara cikin kwata idan hadari ya haɗu, da tunanin ruwa zai tafi da ita. Ruwan kuwa ba ya kai ta ko'ina sai ƙofar maƙwabci na gangare.

Manyan ƙasashe ma ba su tsira ba. A shekarar 2017 an gano wani curin daskararren maiƙo da tsummoki a magudanar ƙarƙashin ƙasa ta unguwar Whitechapel a Landan, nauyinsa ya kai kimanin tan 130, tsawonsa kuwa mita 250, kuma mafi yawansa daga madafai da banɗakunan jama'a ya taru. Ƙasar Bangaladash ta haramta siririyar leda a shekarar 2002 bayan an ga yadda ta toshe magudanai a lokacin ambaliya. Ruwanda ta bi sahu a 2008, Kenya kuma a 2017.

Illar toshewar kwata ba ta tsaya ga wari ba. Ruwan da ya kwanta a gindin katangar ƙasa yana jiƙa ta har ta faɗi, wani lokaci a kan masu barci. Sauro yana hayayyafa a ruwan da ya tsaya. Inda kuma fasasshen bututun ruwan sha ya ratsa ta cikin kwata, ko ƙazanta ta malala cikin rijiya, ƙofar amai da gudawa ta buɗe ke nan. A shekarar 2021 an yi zargin cutar kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki.

Hujjar Masu Ɗora Laifi Kan Hukuma

Akwai masu cewa talaka ba shi da laifi, tun da ba a tanadar masa wurin zubar da shara ba, motar kwasa kuma ba ta shiga lungunsa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Gina manyan lambatu, da kwashe bola a kan kari, da hana gini a kan hanyar ruwa, duk ayyukan hukuma ne da babu mai gidan da zai iya su shi kaɗai. Sau da yawa ma matasa kan yashe kwata ta hanyar aikin gayya, a tara taɓon a bakin titi, a rasa mai kwashewa, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito.

Sai dai gazawar hukuma ba ta wanke mai gida. Babu ma'aikacin da zai shiga madafar kowa ya hana zuba maiƙo a kwami. Tarihi ma ya nuna tilas kaɗai ba ta wadatarwa. A shekarar 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, wanda daga cikinsa aka samu al'adar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata. Amfaninta a fili yake, amma sharar kwana ɗaya ba ta iya gyara ɓarnar kwana ashirin da tara. Duba-garin zamanin En'e sun yi tasiri ne saboda suna shiga gida-gida suna dubawa suna kuma ilmantarwa.

Kammalawa

Saboda haka, ya kamata uwargida ta riƙa share kwano da tukunya cikin mazubin shara kafin wanki, a kuma sa ɗan mataci a bakin magudanar kwami. Mai gidan haya ya tabbatar an sa bututun shaƙar iska, an kuma ba bututu gangaren da ya dace. Mai unguwa ya tsara yashe kwata kafin damina ta faɗi, hukuma kuwa ta aiko da motar kwasa a ranar. Malaman makaranta su ma suna da nasu kason, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka nuna wa yadda gwiwar bututu take aiki, aka kuma fahimtar da shi inda ledar da ya yar take ƙarewa, zai girma yana ɗaukar kwatar ƙofar gidansu a matsayin amanar da ke wuyansa. Rigakafi dai ya fi magani, kuma kwance gwiwar bututu tun tana ƙugi ya fi sauƙi a kan kwashe ruwa daga ɗaki a tsakiyar watan Agusta.