A Daina Matsa Kan Jarirai Da Sunan Gyaran Ƙashi

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja hankalin 'yan'uwana manoma da 'yan tireda kan abin da idona ya gani a kasuwarmu ta mako.

Wani baƙo ne ya kafa rumfa da lasifika, yana shela wai ya koyo gyaran ƙashi irin na Turawa, mai suna ostiyofati. Babba da yaro da jinjiri duk a kawo masa. Ni ma na je, ba zan ɓoye ba, don tun huɗar bana ƙuguna ya riƙe, ko buhun gishiri ba na iya saukewa daga kan keke. Ya yi mini tausa, ya miƙar da ni, na kuwa ji dama. A nan ba ni da ta cewa.

To ina zaune sai ga wata baiwar Allah da jinjirinta, bai fi wata 4 ba, yana ta zawo, maɗigarsa ta faɗa. Mutumin nan ya ce wai ƙasusuwan kan ne suka goce wajen haihuwa, ya kama matsa kan yaro, ya karɓi kuɗi, ya ce ta dawo kasuwa mai zuwa. Na ce, "Baiwar Allah, ki wuce asibiti da yaron nan," sai ya harare ni. Har yau ban san yadda ta ƙare ba, kuma abin yana cina a rai.

Da na koma gida na tambayi ƙanena da ke aikin asibiti. Ya ce ostiyofati gaskiya ne akwai shi. Wani likita a Amurka, Andrew Taylor Still, shi ya faro shi a 1874, ya buɗe makarantarsa a 1892. Aiki ne na hannu, tausa da miƙar da gaɓoɓi. A Ingila an yi masa doka a 1993, kuma yanzu wanda bai yi karatun shekaru an yi masa rajista ba, bai isa ya kira kansa da sunan ba. Inda aka fi ganin amfaninsa shi ne ciwon baya na manya irin nawa. Amma batun matsa kan jariri don kuka ko ciwon ciki, ko a can ba a samu ƙwaƙƙwarar shaida cewa yana magani ba. To shi namu na kasuwa ina takardarsa?

Jama'a, maɗigar da ta faɗa ga yaro mai zawo alama ce ruwan jikinsa yana ƙarewa. Abin yi shi ne a ci gaba da ba shi nono, a ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti, a garzaya da shi wurin likita a ranar. Jinjiri ba ya iya jiran mako guda.

Haka ma karayar yara. Ban raina maɗoranmu na gado ba, sun ɗora ni ina yaro har na warke. Sai dai akwai masu ɗaure karare tamau a hannun da ke kumbura, jini ya kasa wucewa, yatsu su yi sanyi su yi baƙi. Ɗan maƙwabcina da ya faɗo daga bishiyar mangwaro haka ya rasa hannunsa na dama, alhali ga asibitin ƙashi na Dala a Kano da ake ɗaukar hoto a ga yadda ƙashin ya karye. In yaro ya kwana yana ihu bayan ɗori, a kwance ɗaurin nan take, a nufi asibiti.

Ina kira ga sarakunan kasuwa da masu unguwanni, kafin a ba irin waɗannan baƙi rumfa a nemi takardarsu, kuma a hana su taɓa jarirai.

Naka,
Manomi ɗan tireda, daga karkarar Kano.