Ma'anar Aiki da Haƙƙin Ma'aikaci

Mutum biyu suna iya riƙe tsintsiya iri ɗaya a asibiti ɗaya, wannan ya koma gida da ƙunci, wancan da natsuwa. Masana biyu a Amurka, Amy Wrzesniewski da Jane Dutton, sun bayyana haka cikin 2001. Daga cikin masu sharar asibitin da aka zanta da su, wasu sun ɗauki aikin shara ce kawai. Wasu kuwa suna lissafa kansu cikin masu jinya, har sukan zauna hira da majinyacin da ba shi da mai ziyara. Waɗannan na biyun su suka fi jin daɗin aikinsu.

Wani masanin, Adam Grant, ya gwada abin cikin binciken da ya buga a 2007, a kan masu buga waya suna nema wa wata jami'a gudummawa. An haɗa wasunsu, na 'yan mintoci, da ɗalibin da ke karatu da tallafin kuɗin da suke tarawa. Bayan wata guda, lokacin da suke yi a kan waya da kuɗin da suke samowa duk sun ninka fiye da sau biyu, alhali ba a ƙara musu ko sisi ba. Sun dai ga wanda guminsu yake amfana.

Batun ba ƙarami ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa ciwon damuwa da fargaba suna cinye kwanakin aiki biliyan 12 kowace shekara.

Sai dai akwai tarko. Cikin 2009 Stuart Bunderson da Jeffery Thompson sun nazarci masu kula da dabbobi a gidajen namun daji. Waɗanda suka fi jin don wannan aiki aka halicce su, su ne suka fi yarda da ƙaramin albashi da sadaukar da hutunsu, wato su suka fi sauƙin ƙwara.

Malaman makaranta sun san wannan tarko, don an daɗe ana lallashinsu da cewa ladan malami yana lahira. Lada gaskiya ne, amma mai gidan haya ba ya karɓar sa. Ya kyautu shugaban makaranta ya riƙa gayyato tsofaffin ɗalibai, likita ko injiniya ko ungozoma, malamai su ga abin da allinsu ya haifar. Biyan albashi a kan kari kuwa, wannan yana wuyan gwamnati da masu makarantun kuɗi, kuma malamin da ya nemi nasa bai rage son aikinsa da komai ba.