Sulhun Gaskiya Da Sulhun Tatsuniya

Turawa suna da wani irin ƙagaggen labari wanda su ke ginawa bisa kimiyya, su ɗauki mutum a jirgi su kai shi cikin taurari, ya tarad da waɗansu halittu masu hankali waɗanda ba 'yan Adam ba. Da Hausa ma an yi irinsa, ga Tauraruwa Mai Wutsiya nan na Umaru Dembo, wanda aka buga a 1969. Waɗansu dattawa suna ganin wannan duka shirme ne, abin ruɗin yara. Ba da su za a yi gardama yau ba, gama wanda ya ce Gizo da Ƙoƙi ba su koya wa kowa kome ba ya manta ƙuruciyarsa ne kawai. Da masu shirya labaran za a yi ta, da masu yabonsu, a kan magana guda, watau yadda su ke ƙulla sulhu tsakanin al'umma biyu da suka zubar da jinin juna. A nan yawancinsu ha'inci su ke yi wa mai karatu, su sayar masa da sulhun da ba wanda ya biya kome a kansa.

A 1951 aka yi wani silima a Amurka mai suna The Day the Earth Stood Still. Wani baƙo, ana ce da shi Klaatu, ya sauko birnin Washington daga wata duniya, bai ko gama sallama ba wani soja ya harbe shi. Da zai koma gida sai ya tsaya gaban masanan da aka tara, ya gaya musu cewa su a can sun damƙa tsaron zaman lafiya ga waɗansu dogarai na ƙarfe, waɗanda ke halaka duk wanda ya fara tsokana, kuma in mutanen duniya suka kai rigimarsu sama za a ƙone su ƙurmus. Har wa yau ana yabon wannan silima, wai wa'azin zaman lafiya ne. Ina zaman lafiya a nan? Kulki ne aka nuna wa mutane, suka yi tsit.

Haka aka sake yi a 1967 cikin wasan talabijin na Star Trek, ran da Kilingonawa suka fara bayyana. Jiragen yaƙinsu da na Tarayyar Duniyoyi sun ja daga, saura kaɗan a gwabza, sai mutanen Organia, waɗanda aka ɗauka ƙauyawa ne ashe halittu ne masu iko ƙwarai, suka sa kowane makami ya yi zafin da ba shi taɓuwa. Shi ke nan, yaƙi ya mutu. Kowa kuwa ya san yaran da malami ya raba da bulala, a bayan makaranta su ke ƙarasa faɗansu.

Akwai wata dabara da ta fi wannan wayo, ita ce kuma ta fi ɓarna, domin ta kan sa mai karatu hawaye har ya kasa tambaya. Sai a ƙare labari da cewa ashe tun farko ba wanda ya yi laifi, rashin fahimta ne kurum. Joe Haldeman ya yi yaƙin Biyetnam, an ji masa rauni a can, kuma littafinsa The Forever War na 1974 ya faɗi gaskiya mai ɗaci a kan sojan da ya komo gida ya tarar gida ba ya gane shi. Wannan ba mai ƙwace masa. Amma da ya zo kashe yaƙin nasa, wanda aka yi shekara 1143 ana yi, sai ya ce da ma ba shi da tushe, da zarar ɓangarorin biyu sun sami hanyar magana da juna sai abin ya watse. Orson Scott Card ya fi shi nisa cikin Ender's Game na 1985. Yaro ya ƙone duniyar abokan gaba ɗungum yana tsammanin wasan gwaji ya ke yi. Su kuma abokan gaban, masu kama da ƙwari, wai ba su san cewa kowane mutum da suka kashe rai ne mai hankalin kansa ba. Daga baya yaron ya tsinci ƙwan sarauniyarsu guda da ya rage, ya ɗauke shi yana nema masa wurin da zai ƙyanƙyashe. Abin da ban tausayi, ba shakka. Amma mai karatu ya lura, wanda bai san abin da ya ke yi ba shi aka ɗora wa neman gafara. Kanar Graff, wanda ya yaudare shi da saninsa, shari'a aka yi masa aka sake shi.

To, me irin wannan labari ke koya wa yaro? Yana koya masa cewa ana yafe wa abokin gaba ne in an bincika an tarar bai yi da gangan ba. In kuwa haka ne, to, ba ranar da za a yi sulhu a bayan ƙasa, gama duk matar da yaƙi ya mayar gwauruwa ta sani wanda ya harbi mijinta ya auna kafin ya harba. Dattawan da ke zama tsakanin gida biyu masu husuma ba su taɓa samun wannan sauƙi ba. Gabansu akwai wanda ya yi, ya kuma san ya yi, da wanda aka yi wa, bai kuwa manta ba, ga shi kuma dole gobe su ɗebi ruwa a rijiya ɗaya.

Saboda haka silima guda da aka fitar ran 6 ga Disamba 1991, watau Star Trek VI, ya fi waɗannan duka daraja a wannan fanni, ko da ya ke masana ba su cika sa shi sahun gaba ba. Leonard Nimoy ya kawo tushen labarin, Nicholas Meyer ya shirya shi, ba su kuwa ɓoye cewa Amurka da Tarayyar Sobiyat su ke nufi ba. Tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe a 1986, bangon Berlin ya faɗi a 1989. Cikin labarin, wani wata mai suna Praxis, inda Kilingonawa ke samun makamashi, shi ya fashe, har aka lissafa duniyarsu ba ta da sauran rai da ya wuce kamar shekara 50. Shugabansu, Gorkon, ya aiko yana neman a kashe gabar da aka yi kusan shekara 70 ana yi.

Wa aka aika ya tarye shi? Kyaftin Kirk, wanda Kilingonawa suka kashe wa ɗansa David cikin silima na uku, na 1984. Kisan nan ba kuskure a cikinsa. Kwamandansu ne ya ce a kashe ɗaya daga cikin waɗanda ya ke garkuwa da su, aka kuwa kashe. Da aka gaya wa Kirk halin da mutanen ke ciki, buɗar bakinsa sai ya ce a bar su su halaka. Ya kuma faɗa cikin littafinsa na kullum cewa bai taɓa amincewa da su ba, ba zai kuwa yafe musu jinin ɗansa ba. Aka zauna cin abinci tare a jirgin Enterprise, aka tashi baram-baram, masu masauki suna ƙyamar baƙi, baƙi suna ganin an raina su. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma silimar ba ta yi wa kowa ado a kan wannan ba.

A daren nan aka harbi jirgin Gorkon, waɗansu mutum biyu suka shiga suka bindige shi. Likita McCoy ya yi iyakar ƙoƙarinsa, rai ya yi halinsa. Aka kama shi da Kirk, aka kai su gaban shari'ar Kilingonawa, aka saurari maganar nan ta Kirk da muryarsa, ta zama shaida a kansa. Aka ɗaure su rai da rai a ma'adinan Rura Penthe, cikin ƙanƙara. Nan ne labarin ya kai inda sauran ba su kai ba. 'Yar Gorkon, Azetbur, ta gaji ubanta, hafsoshinta suna zuga ta a ɗauki fansa, ita kuwa gawar ubanta ba ta ko huce ba ta ce taron sulhu yana nan. Shugaban Tarayya shi ma ya haɗiye nasa, ya ƙi aika sojoji su ƙwato mutanensa. Kowane ɓangare ya bar wani abu da ya ke ganin hakkinsa ne, alhali bai tabbata ɗayan ba zai ci amanarsa ba.

Da aka tono asirin kuwa, sai ga Janar Chang na Kilingonawa, da Cartwright, babban hafsa na Tarayya, da jakadan Romulawa, da Valeris, yarinyar da Spock ya rena da hannunsa a wurin aiki, duk bakinsu ɗaya. Mutanen da ba su iya shan ruwa tare sun iya haɗa kai don kada gaba ta mutu, gama a cikinta su ke da girma. Da ɗan gari a kan ci gari. Wanda ya ce wannan ƙage ne ya yi yawa, sai ya tuna an rubuta labarin kafin Agusta 1991, watan da manyan gwamnatin Gorbachev suka yi yunƙurin kifar da shi. Anwar Sadat na Masar ya sa hannu kan sulhu da Isra'ila a 1979, sojojin ƙasarsa suka harbe shi a 1981. Yitzhak Rabin kuma Bayahude ɗan'uwansa ne ya kashe shi a 1995.

Masu suka su kan ce ai Kilingonawa ba tuba suka yi ba, wuya ce ta koro su. Gaskiya ne, sai me? Wace al'umma ce ta taɓa zuwa neman sulhu ran da ta ke kan ganiyarta? Abin tambaya shi ne abin da mai ƙarfi zai yi ran da maƙiyinsa ya zo a raunane. Shawarar Cartwright ita ce a durƙusar da su tukuna, sa'an nan a yanka musu sharaɗi. An gwada wannan a kan Jamus a Versailles a 1919, bayan shekara 20 aka koma fagen fama. Bayan 1945 aka sake hanya, Amurka ta zuba kuɗin gyara daga 1948, Faransa da Jamus ta Yamma suka shiga ƙungiyar kwal da ƙarfe a 1951, De Gaulle da Adenauer suka sa hannu kan yarjejeniyar abuta a 1963. Ba wanda ya ce musu abin da ya faru rashin fahimta ne.

Silimar tana da nata aibi, ba za a rufe shi ba. Ta yi gaggawa a ƙarshe. Kirk ya tsere daga kurkuku, ya isa taron Khitomer, ya ture shugaban Tarayya daga bakin bindiga, aka kama maƙiya, aka yi tafi, sai ka ce ƙiyayyar shekara 70 a aljihun mutum huɗu ta ke. Ba a ji maganar iyaka ba, ba a ji ta diyya ba, ba a ga uwar wani ƙaramin soja da aka ce ta yi haƙuri ba. Waɗanda suka ci gaba da labarin a talabijin su suka rage wannan giɓi. Cikin Deep Space Nine, a 1995, Gowron, shugaban Kilingonawa na lokacin, ya kai wa Kardasiyawa hari, Tarayya ta tsawata masa, shi kuwa ya yi watsi da yarjejeniyar Khitomer, har aka koma zubar da jini tsakanin tsofaffin abokan sulhu. A 1997, da rundunar Dominion ta taso musu su duka, Gowron ya zo tashar da jiragensa a farfashe, Kyaftin Sisko ya miƙa masa takardar nan da ya yar, ya sake sa mata hannu.