Matashi Na Buƙatar Gidan da Zai Iya Faɗin Gaskiya

Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke zaune a Mararaba, Nyanya ko Kubwa yakan bar gida da sanyin safiya don guje wa cunkoson motoci, ba ya dawowa sai bayan magariba. Hadiman ministoci da na 'yan majalisa kuwa sukan raba dare a bakin aiki. A tsawon wannan lokaci, wayar hannu ce abokiyar hirar ɗansu mai shekara 15.

Haɗarin da ke kewaye da yaron sananne ne. Rahoton 2018 na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya. A wannan shekarar ce gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai sinadarin kodin. A Yulin 2024 kuma kamfanin Meta ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya, na masu yaudarar mutane su turo hotunan tsiraici, sannan su yi barazanar tona musu asiri idan ba su biya kuɗi ba.

Irin wannan tarko da kunya yake kamu. Matashin da ya tabbata duka da gori ne ke jiransa a gida zai haɗiye damuwarsa har sai ta fi ƙarfinsa. Ƙwace waya da bulala sukan ƙara masa dabarar ɓoyewa ne kawai.

Iyaye da dama suna ƙoƙari wajen tura 'ya'yansu Islamiyya ko coci, kuma sun cancanci yabo. Sai dai matashi yana auna wa'azi da abin da idonsa ya gani. Uban da ya ce a faɗa wa baƙo ba ya nan alhali yana ɗaki, ko ya rage shekarunsa a takardun aiki, ko ya biya kuɗi a yi wa ɗansa satar amsa a jarrabawar kammala sakandare, ya rushe da hannunsa abin da malami ya gina.

Wasu na fargabar cewa zancen ƙwaya, caca da balaga zai buɗe wa yaro ido. Idon ya riga ya buɗe; abin da ya saura shi ne daga bakin wa zai ji bayani, iyayensa ko abokan banza. Kunya adon tarbiyya ce, kuma ba ta hana uwa zaunar da 'yarta ta yi mata bayani cikin mutunci.

Gyaran ba ya buƙatar ƙarin albashi. A ci abinci tare ko da sau biyu a mako, wayoyi a ajiye, har da ta maigida. A san abokan yaro da iyayensu. Uba ya amsa laifinsa idan ya yi kuskure. Sannan a ba matashi tabbacin cewa duk ranar da ya shiga matsala, za a saurare shi har ƙarshe kafin a yi maganar hukunci.