Jarumin da Manhaja Ta Zaɓar Maka

Akwai wani rukunin wasanni da ake kira RPG a taƙaice, inda mai wasa ke shiga rigar wani jarumi, ya bi gari-gari, ya tattauna da mutane, ya yi yaƙi, labari kuma ya ci gaba bisa abin da ya aikata. Ba a kwamfuta aka fara shi ba. A kan tebur aka fara a Amurka, da takarda da fensir da ƙwayoyin jefawa masu kama da na ludo, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974. Yau ba manyan kamfanoni nake son mu duba ba, sai masu ƙirƙirar irin wannan wasa don sha'awa, ɗalibi ko ma'aikacin da ke zama da daddare yana gina duniyarsa shi kaɗai.

Da yawa daga cikinsu da manhajar RPG Maker suke farawa, wadda ta fito daga Japan tun farkon shekarun 1990. Ba abin raini ba ce: da ita Kan Gao ya yi To the Moon a 2011, da ita aka yi Omori a 2020. Alherinta shi ne tana zuwa da kaya a shirye, gidaje, bishiyoyi, dodanni, da mutane. Matsalar ma a nan take. Mutanen da ke cikinta mayaƙa ne da gimbiyoyi na Turai ta zamanin da, kamar yadda mai zanen Japan ya hango su: manyan idanu, gashi mai santsi, sulke da doguwar riga. Wanda bai iya zane ba, kafin ya rubuta kalma ɗaya ta labarinsa, an riga an zaɓar masa kamannin jaruminsa.

Mai karatu zai ce ai sai ya canja launin fata. Haka mafi yawa ke yi, domin manhajar ta ba da damar hakan. Sakamakon kuwa shi ne Bature da aka shafa wa shuni. Hanci, gashi, tufafi da tsayuwa duk suna nan yadda suke. Baƙar fata ma tana da nata ilimin a wajen zane. Idan aka duhunta launin kawai, layin da ya zagaye fuska sai ya narke cikinta, ido da baki su ɓace. Sai an sake tunanin inda haske zai sauka.

Bari mu yi lissafi, domin a nan ne masu sukar ƴan sha'awa ba sa yi musu adalci. A RPG Maker MV, wadda ta fito a 2015, mutum ɗaya yana zaune ne cikin murabba'i mai ɗigo 48 a tsaye da 48 a kwance. Kafin ya yi tafiya yana buƙatar hoto 12, wato uku-uku ga kowace fuska huɗu. Idan za a nuna shi yana yaƙi daga gefe, ƙarin hoto 54 ke nan. Ba a zo kan fuskarsa ta murmushi da ta fushi ba. To, a ce wani matashi a Zariya yana son jaruminsa ya sa babbar riga da rawani, jarumarsa ta yi kitso ta ɗaura zani. Babbar riga tana sauya fasalin jiki gaba ɗaya, ba za ta hau kan ƙirar da aka yi don mai wando ba. Dole a zana komai daga tushe, ko a biya mai zane. Saboda haka idan na ga wasan ɗan sha'awa da mutanensa duk iri ɗaya, ba na saurin zarginsa da wariya. Sau da yawa rashin lokaci ne da rashin kuɗi.

Amma akwai laifin da ba zan yafe ba, domin gyaransa ba ya cin ko sisi. Wannan rukunin wasa ya gaji wata aƙida daga Dungeons & Dragons, cewa jinsin halitta ne ke yanke hali: waɗannan masu hikima ne tun haihuwa, waɗancan mugaye ne dukkansu. Kamfanin Wizards of the Coast, mai wasan a yanzu, ya amince a 2020 cewa yadda aka siffanta wasu jinsunan ya yi kama da yadda aka riƙa ƙasƙantar da al'ummu na gaske, a 2022 kuma ya sanar da daina amfani da kalmar da ke nufin launin fata a sababbin dokokinsa. Masu gidan sun fara shara, amma ƴan sha'awa da dama na nan suna kwafar tsohon tsari. Mutumin sahara ɗan kasuwa ne mai wayo ko ɗan fashi. Na daji kuwa boka. An ƙara launi, ba a ƙara mutum ba.

Misalin da nake yawan ba ɗalibaina shi ne Aurion: Legacy of the Kori-Odan, wanda Kiro'o Games na Kamaru, ƙarƙashin Olivier Madiba, ya fitar a 2016 bayan shekaru ana fama. Enzo da matarsa Erine sarki ne da sarauniya da aka yi wa juyin mulki ranar aurensu. Abin da ke jan mai wasa shi ne halin da suka shiga, tufafi da ƙira kuwa daga duniyarsu suka tsiro, ba liƙa su aka yi daga baya ba.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya rage yawa. Mutum huɗu da aka san abin da kowannensu ke so, da abin da yake tsoro, da wanda yake bin sa bashi, sun fi ashirin da aka jera don a ce kowace ƙabila ta samu wakili. Ya rubuta su kafin ya zana su. Idan kuma zai saka mutumin wata al'umma da bai sani ba, ya ba ɗan wannan al'umma ya karanta maganganun da ya sa a bakinsa, tun kafin ya ɓata makonni yana zana hoto 66 na mutumin da zai goge.